Ina Saita Kabureta da Kunnen da Ya Daina Ji

Assalamu alaikum Usta Hamisu,

Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Na daɗe ina karanta filin nan naka a waya, ina ganin yadda kake warware wa mutane matsalar mota, wani lokaci har da wadda ba ta mota ba, amma ban taɓa zaton ni ma zan shiga layi ba. Ka yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye. Na kwana biyu ban yi doguwar magana da kowa ba, to in na fara ban san inda zan taka birki ba.

Ni direba ne a Gadarif. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yada zango a nan, noma ya riƙe su. Ni dai ban gaji fartanya ba, sitiyari na kama tun ina saurayi. Ina da tsohuwar boksi, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, mai shan banzin, wato fetur, wadda ta girmi 'yata. Da ita nake kwasar ma'aikata daga kasuwar Gadarif zuwa gonakin Fashaga lokacin noma da lokacin yankan riɗi, in kai musu gari da ruwa da busasshiyar kuɓewa, in an gama in kwaso su. Ba mota ce ta nuna wa sa'a ba. Ƙofar fasinja da igiya nake ɗaure ta. Amma ta ci da ni, ta aurar da 'yata, kuma ba ta taɓa kwana da ni a daji ba sai bana.

Ga abin da take yi. Da sassafe tana tashi lafiya lau, in na bar ta a kunne tana tsayawa a silo ba gardama, har in ce yau kam na gama da ita. Da zarar rana ta ɗaga, na hau titin Kassala na ɗan yi nisa, sai hali ya canza. Baƙin hayaki ta salansa, warin banzin har cikin gida, in na taka totur sai ta yi kamar ta shaƙe kafin ta ɗauka. In na tsaya a shingen bincike, ko na rage gudu saboda rami, sai ta mutu, kuma ba za ta sake tashi ba sai ta ga dama. Fulogi kuwa in na kwance su, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ga shan mai, a wannan zamani da banzin ya zama abin da ake bi da jarka ana roƙo.

Ba zaune nake ba. Na canza fulogi. Na kwance kaburetar na wanke ta da banzin, na hura duk wata ƙofa da bakina har kaina ya yi ciwo. Kullum bayan sallar asuba nake fitowa, in ɗaga murfin inji, in cire tukunyar matatar iska don in riƙa ganin maƙogwaron kaburetar, in ɗan ja cok, mai rage wa inji iska, don kada ta mutu mini a hannu, sannan in kama sukurorin nan biyu, na mai da na silo, ina murɗawa. In murɗa nan, in koma can, hannuna ɗaya a kan jikin motar, har in ji rawar ta lafa. Sai in mayar da komai in rufe. Da rana ta tona mini asiri, washegari in sake. Yanzu wallahi ban ma san inda sukurorin suke tun asali ba.

Na san za ka ce me ya hana ni kai ta wurin makanike. Tsofaffin ustocin da suka san kabureta a garin nan, wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu. Yaran yanzu in ka kai musu mota sai su fara neman inda za su soka kwamfuta. Wannan ita ce amsar da nake ba mutane. Amma kai tunda ba ka san fuskata ba, bari in gaya maka gaskiya. Kunnena ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai ka ce ana yi mini magana daga cikin rijiya. Ba wanda ya sani. A kasuwar ma'aikata labari ba ya kwana, kuma ba wanda zai hau bayan kurman direba.

Abin ya soma tun matata Ikilima na da rai, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai ta gane, kuma ba ta taɓa furta kalmar ba. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya a cikin inji ba, amma Allah ya ba ta kunne. In na dawo daga hanya da la'asar, kafin in kashe motar sai in ɗaga murfin a tsakar gida. Ita tana zaune a kan 'yar kujerarta tana soya kofi don jabana, 'yar butar da muke dafa shi a ciki. Ina murɗawa ina kallonta. In ta yamutsa fuska in koma baya, in ta ɗaga ludayin soyawar sama, to an zo wurin, in ajiye sukundireba. Tana cewa in injin ya daidaita, ƙararsa kamar tukunyar wake ce da aka rage wa wuta. Maƙwabta na yi mana tsiya, wai motar tamu kishin kofi take yi. Haka muka yi shekaru, mutane na yabona wai ni usta ne, gwanin inji, usta kuwa ludayi yake kallo.

Daminar da ta wuce waccan ta rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Tun daga nan ban iya zaman tsakar gida da la'asar ba. In na dawo sai in kashe mota in shige ɗaki. Kujerar tana nan inda ta bar ta, ban ɗauke ba, ban kuma zauna a kai ba. Ga shi tun da ƙasa ta rikice unguwarmu ta cika da baƙi daga Khartum da Madani, da yamma raksha masu ƙafa uku da yara da injin wuta, ɗan abin da ya rage mini na ji ma sai ya ɓace a cikin hayaniyar. Shi ya sa na koma asuba. Gari shiru, masu leƙe ba yawa, kuma in na kara kunnen dama kusa ina ɗan tsintar wani abu.

Usta, kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye maka ba. Garin ya cika maƙil da mutane amma ni ban taɓa zama ni kaɗai irin haka ba. A masallaci ana sallamewa nake neman takalmina, don kada wani ya yi mini magana in amsa abin da ba a tambaya ba. Na taɓa yin haka: mutum yana gaya mini ɗan'uwansa ya rasu, ni kuwa na washe baki na ce madalla. Yanzu ana cewa tun da matata ta rasu na zama mai girman kai. Akwai wani maƙwabcina Walid, ɗan Madani ne, ya kama ɗaki a gidan da ke jikin namu, iyalinsa suna can wani wuri ban san ko ina ba. Sau da yawa in ina fama da motar sai in gan shi tsaye ta saman dangar, bakinsa na motsi. Sai in ɗaga masa hannu in sunkuyar da kai cikin inji har ya gaji ya tafi. Ban san ko gaisuwa yake yi ba, ko taimako yake tayi, ko cewa yake na hana shi barci.

To ga inda maganar ta tsaya. 'Yata Manahil tana aure a Showak. Kwanakin baya motar ta mutu mini daf da tashar garin, rana tsaka, har masu shan shayi suka taso suka tura ni gefe, kuma mijinta Jamilu na cikinsu. Da yamma sai ga Manahil da kuka. Wai in sayar da motar in koma wurinsu, sun ware mini ɗaki, ba za ta zauna tana jiran ranar da za a kira ta daga daji ba. Ta kuma ce na canza mata, in ta kira ni a waya ba na cewa komai sai to, to, kamar na ƙosa ta ajiye. Ban iya gaya mata dalili ba. Don in kashe maganar sai na yi mata alkawari: in motar ba ta daidaita kafin yankan riɗi ba, zan sayar in taho.

Riɗi kuwa ya fara yin rawaya. Ka san halinsa, in ya nuna ba ya jiran kowa, in aka yi jinkiri kwanson ya buɗe ya zube a ƙasa. Mai gonar da nake yi wa jigila shekara da shekaru ya aiko yana son amsa tsayayya, in ba zan iya ba ya nemi wani. Ba zan ga laifinsa ba.

Ina son 'yata, kuma Jamilu mutumin kirki ne. Amma me zan yi a Showak? In zauna a kan gado a inuwa ana miƙo mini shayi, jikoki na magana ina gyaɗa kai? A cikin motar nan kaɗai nake jin ni mutum ne da ake jira. In ta tafi, ban san abin da zai tashe ni da safe ba.

Don haka ka gaya mini, ina matsalar take? Ƙofar man ce ta buɗe da yawa, ko abin da ke iyo a kwanon mai ne ya huje? In haƙura in sayi sabuwar kabureta ta kwali? Duk abin da ka ce zan gwada. Abu ɗaya nake roƙo, kada kai ma ka ce in sayar.

Naka,
Mai Boksi, Gadarif

*

Wa alaikumus salam ɗan'uwana Mai Boksi,

Allah ya jiƙan Ikilima, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Na karanta wasiƙarka har ƙarshe, kuma ba ka yi kewaye ba. A cikin abin da kake kira kewayen ma ka ba ni amsar da kake nema.

Mu fara da ƙarfe, tunda shi ne mai sauƙi. Kada ka sayi sabuwar kabureta tukuna. Ina kyautata zaton taka lafiyarta ƙalau, lokacin da kake saita ta ne ba daidai ba. Ka tuna yaushe kuke yi da marigayiya? Da la'asar, ka dawo daga hanya, inji da zafinsa, matatar iska a ɗaure, cok a sake. Yanzu kuma kana yi da asuba, inji a sanyaye, cok a ja, tukunyar iska a ƙasa. Inji mai sanyi mai yake so da yawa, kai kuma kana buɗe masa har ya yi shiru. Da ya yi zafi ba ya bukatar wannan man, ga matata ta koma ta rage masa iska, sai ya shaƙe. Baƙin hayakin ke nan, baƙin fulogin ke nan, mutuwar a shinge ke nan. Kana ɗinka wa motar rigar asuba, kana fita da ita da rana.

Ga abin da za ka yi. Kafin ka taɓa sukuru, wanke fulogin ko ka sa sababbi, ka kakkaɓe matatar iska, in ta toshe da ƙurar gona ka canza ta. Canza matatar mai ma, kuma banzin ɗin jarka ka riƙa tace shi da ƙyalle mai tsabta, don ba ka san inda ya kwana ba. Duba ƙananan tiyo da ke kewaye da kaburetar ko akwai wanda ya tsage, ka tabbatar gindinta a ɗaure yake. Leƙa maƙogwaron ka ga in ka mayar da cok, faifan yana miƙewa tsaye sosai, don a tsofaffin motoci wayar kan riƙe shi rabi. Kwance sukurun mai gaba ɗaya ka dubi bakinsa: murɗawar kullum tana iya yi masa zobe, in ya yi, shi kaɗai za ka canza. In kuma ka kashe mota ka ga banzin na ɗiga a maƙogwaron, to nan ne za ka zargi abin iyon da ka ambata.

Daga nan sai ka mayar da sukurun man a hankali har ya zauna, ban da matsi, ka dawo da shi baya kamar juyi biyu. Wannan mafari ne kawai. Ɗaura tukunyar iska, ka fita ka zaga gari har allurar zafi ta kai inda take tsayawa a hanya. Ka dawo, kada ka kashe. Shigar da sukurun kaɗan-kaɗan har injin ya fara tuntuɓe, sannan ka dawo da shi a hankali har ya kai inda ya fi sauri da santsi, ka tsaya nan. Sai ka koma kan na silo ka sauke gudun yadda ya dace. Shi ke nan. Ka rufe murfin, ka jefa sukundireban a akwati. Gobe da asuba za ta yi ɗan tari, ka ja mata cok ka bar ta ta ɗumama, wannan ba ciwo ba ne. In ka sake taɓa sukurun nan da sanyin safiya, ni da kai ne.

Akwai ɗan agogo mai nuna gudun inji da masu gyaran wutar mota ke sayarwa, ka nema, ido zai yi maka rabin aikin. Amma rabi ne. A karon farko kana bukatar mutum a tsaye kusa da kai yana saurare, kuma ba sai makanike ba. Marigayiya ma ba makanike ba ce. Mutumin nan Walid da ka bari yana magana da danga, ka sake karanta abin da ka rubuta a kansa: baƙo ne, a ɗakin haya, iyalinsa ba sa kusa, kuma yana fitowa da asuba ya tsaya kallon maƙwabcin da ba ya amsa masa. Ba na jin ƙorafi ne ke dawo da shi. Ka ƙwanƙwasa masa ƙofa da la'asar, ka ce masa kunnenka ya yi nauyi, ya zo ya ara maka nasa. Kalmar za ta yi maka ɗaci a karon farko, na biyu ba za ta kai haka ba.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba. Ka roƙe ni kada in ce ka sayar, kuma ba zan ce ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, in aka sauke shi rana ɗaya aka zaunar a inuwa, sau da yawa zaman ne ke karya shi. Na fahimce ka sarai. Amma Manahil ma ba ta yi laifi ba. Ta rasa uwa, tana ganin uba na janyewa, ga mota na mutuwa a hanya. Kuma tana yanke hukunci ne da rabin labari, don kai ka ɓoye mata sauran. Yarinyar nan tana can tana zaton ka gaji da muryarta. Wannan ya fi mutuwar mota a tashar Showak ciwo, kuma kai kaɗai ke iya cire mata shi.

Alkawarin da kuka yi ma a kan abin da bai dace ba kuka ɗaura shi. Kabureta aikin yamma ɗaya ce. Abin da ya kamata ya yanke ko za ka ci gaba da tuƙi shi ne kunnen, don ba buhunan dawa kake ɗauka ba, 'ya'yan mutane ne a bayanka. In babbar mota ta yi maka oda daga baya fa? In wani ya yi ihu a tsaya? Ka je asibiti a duba ka kafin a fara yanka. Wanda ya sha ƙurar Fashaga shekaru, wani lokaci datti ne ya cushe, a wanke ya ji sauƙi. Wani lokaci na'urar ji ce za ta taimaka. Wani lokaci kuma likita zai faɗi abin da ba ka so, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. In ya ce kana iya tuƙi, gyara madubanka duka, ka zaunar da shugaban ma'aikatan a gaba kusa da kai, ka gaya masa gaskiya ya zama mai saurare maka hanya. Kana tsoron kasuwa ta ji. Kasuwa za ta ji ko ba daɗe, kuma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin wanda ya faɗo.

Saboda haka ga tsarin: ka saita motar da zafinta, ka tuƙa ta zuwa Showak ba kowa a baya, ka zaunar da 'yarka ta gefen kunnen dama ka gaya mata komai, sannan ku tafi wurin likita tare. Mai gona ya jira amsarka har ka fito daga can, riɗi bai kai ga zubewa a kwana biyu ba. In an ce ka ci gaba, ka yi kakarka, ka riƙa kwana a ɗakin da suka ware maka duk lokacin da hanya ta biyo da kai. In an ce ka tsaya, to ka tsaya. Kowane direba yana da ranar ajiye makulli, ni ma na ajiye nawa. Fatana kawai ka ajiye shi da hannunka, a gaban 'yarka, motar na tashi lafiya, ba a karɓe shi daga hannunka a gefen titi ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya buɗe kunnen, ya sa a yi kaka lafiya, ya kuma kawo maka masu zama da kai da la'asar.

Ɗan'uwanka,
Usta Hamisu